Shayarwar Hanan a Nuzla

Shekarun da na yi ina raino a wannan gidan marayu sun yi yawa, ranaku da dama sun gauraye mini a ka, amma ranar da aka kore ni daga ɗaki saboda Hanan ba ta taɓa barin raina ba. Tunda kun tsare ni kun ce sai na ba ku labari kafin in ajiye aiki, to ku gyara zama. Ke Sa'adatu, ajiye wayar nan, ba inda za ta gudu.

A Jidda aka haife ni, a unguwar Nuzla, iyayena mutanen Kano ne da suka zo Hajji suka zauna. Muƙamina bai taɓa wuce wanda kuke kai yanzu ba, wato mai raino, wadda yara ke kira Dada. Sama da mu akwai mushrifa mai kula da ɗakuna. Sama da ita akwai jami'ar walwala, wadda ke binciken iyalan da suka zo neman riƙon yaro. Sai mudira can a ƙoli, wadda ba mu cika gani ba sai in an yi ɓarna. A lokacin da nake ba ku labari, shekara biyu ko uku bayan yaƙin Kuwait, jami'ar walwalarmu Abla Su'ad ce, Balarabiya 'yar Balad, tsohuwar unguwar Jidda, doguwa, ga faɗa. Kullum muna cikin rigima da ita a kan goyo, ita tana cewa dokar gida ta hana ɗaura yaro a baya, ni ina cewa dokar ba ta taɓa rarrashin yaro mai haƙori ba.

Bari in yi wa sababbin cikinku bayanin yadda riƙo yake, don kada ku ɓata a hanya. Yawancin yaran da ake kawo mana tsintattu ne, wani a ƙofar masallaci, wani a asibiti uwa ta sulale ta bar shi. Hukuma takan raɗa musu suna, ta ba su takardar ɗan ƙasa, ta ciyar ta tufatar. Abin da ba ta iya ba su shi ne dangi. Shi ya sa ake neman iyalin da za su riƙe yaro a gidansu. Dole su zama 'yan ƙasa, a je a ga muhallinsu, a san abin da mai gida yake yi. Kuma an fi so launin fata ya zo ɗaya, don kada yaro ya tashi ana tsayar da shi a titi ana tambayarsa ɗan wane ne.

Sai babbar magana, shayarwa. Yarinya in ta tashi a gidan namijin da ba muharraminta ba, ranar da ta balaga dole ta yi lulluɓi a gabansa. Ba za su zauna su biyu ba, ba zai yi tafiya da ita ba. Mutumin da ya goya ta a kafaɗa ya koma baƙo ke nan. Maganin abin shi ne a shayar da ita daga matar da nononta zai sa ya zama muharraminta, wato matarsa, ko 'yar'uwarsa, ko matar ɗan'uwansa. Sau biyar ake so, kowanne ta sha ta ƙoshi ta saki da kanta, kuma kafin ta cika shekara biyu. In biyun nan ta cika, halas, ƙofa ta rufe.

Hanan tun tana jaririya aka sa ta a ɗakina. Baƙa ce 'yar firit, ga manyan idanu, ba ta da yawan kuka, sai dai ta zuba wa mutum ido har ya tsargu. Iyalai sun zo sun wuce, ba wanda ya tsaya a kanta. Har ya zama saura mata kamar wata uku ta cika shekara biyu bisa ƙiyasin likita. Na san abin da ke jiranta in lokacin ya wuce. Za ta zauna da mu zuwa shekarun makaranta, a mayar da ita gidan 'yan mata, daga can a mayar da ita wani, masu raino suna canzawa a kanta kamar direbobin bas. Na ga waɗanda suka girma a haka. Ba su rasa abinci ba, ba su rasa karatu ba, amma ranar sallah suna sa sababbin kaya su zauna a falo, don babu gidan da za su je gaisuwa.

Ana nan sai ga Malam Usman da matarsa Zainab. Bahaushe ne ɗan ƙasa, kakansa ne ya zo, shi kuma yana aikin ofis a tashar jiragen ruwa, suna zaune a unguwar Aziziyya. Sun haura shekara goma da aure Allah bai ba su haihuwa ba. Hausarsa rabi Larabci ce, in ya fara jimla da ɗaya sai ya ƙarasa da ɗayan. Da aka shigo da Zainab ɗakinmu, Hanan ta taka ta je ta kama gefen abayarta ta share majina da shi. Ni kunya ta kama ni, ita kuwa Zainab ta tsuguna tana dariya, idonta fal ƙwalla.

Abla Su'ad ta yi bincikenta, gida lafiya, aiki lafiya, maƙwabta sun yi shaidar kirki. Sai ta zo kan tambayar ƙarshe, wace ce ke goyo a danginsa? Usman ya ce babu. Na lura Zainab ta sunkuyar da kai. Da ya fita ɗauko mota, ta matso kusa da ni ta yi ƙasa da murya.

"Dada Binta, akwai. Ƙanwarsa Maryam tana goyon namiji. Amma ya yi shekaru rabonsa da gidanta."

Ashe Maryam ta auri wani mutumin Maraɗi ne mai suna Garba, wanda ya zo umara ya zauna, yana sana'ar tsire, ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasa. Usman, da yake ubansu ya rasu, shi ne waliyyi, ya ce sam bai yarda ba. Maryam ta kafe, wani baffansu ya ɗaura auren a gida ba tare da an kai shi hukuma ba. Tun ranar Usman ya ce ba shi ba ita. Kada ku yi saurin zaginsa. Abin da ya ji tsoro shi ya faru, don 'ya'yan Maryam uku a lokacin ba wanda ke da takarda, babban ma an ƙi ɗaukarsa a makarantar gwamnati.

Na kai wa Abla Su'ad maganar, ta kira Usman ofis, ina tsaye riƙe da Hanan. Ta ce masa ba za ta sa hannu ba sai an yi shayarwa, don ta taɓa ganin yarinyar da aka dawo da ita tana shekara goma sha biyu da akwatinta, kawai don zaman gidan ya gagara bayan ta girma.

Ya ce, "Ya abla, ba zan je in roƙi mutumin da na ce ba ya cikinmu ba."

Ta ce, "Tayyib. To Hanan ta ci gaba da zama da mu."

Ya fita ransa a ɓace. Wallahi ranar na ji haushinsu su biyun, shi da girman kansa, ita da taurin kanta. Bayan kamar mako guda sai ga shi ya dawo, Zainab na biye da shi idanunta a kumbure. Bai ko zauna ba ya ce, "Ku je ku tambaye ta. Zan kai ku, amma ba zan shiga ba."

Muka tafi bayan la'asar, ni da Abla Su'ad da Zainab, Hanan a bayana. Ranar Abla ba ta ce uffan a kan goyo ba. Kun san lungunan Nuzla, mota ba ta shiga, don haka Usman ya tsaya a bakin lungu ya kashe inji ya ɗaga gilashi. Gidan Maryam ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida mai rufin kwano, ƙamshin yajin tsire ya kama ko'ina. Da ta ga Zainab suka rungume juna suka daɗe ba su saki ba. Aka kawo shayi, Abla Su'ad ta yi bayani dalla-dalla. Maryam ta saurara, jaririnta Sani a cinya, tana kallon Hanan da ke leƙe ta kafaɗata.

Ta ce, "Ni ba ni da ta cewa. Nono a jikina yake, amma in ta sha, mai gidan nan ne ubanta. Sai a tambaye shi."

Ni duk lissafina a kan Usman yake, yadda zai zama kawunta ta hanyar nono. Ban tsaya na tuna cewa shayarwa ba ta ba yaro kawu sai ta fara ba shi uwa da uba ba. Mutumin da aka ce ba ya cikin dangi, shi ne zai zama uban yarinyar, sai da yardarsa Usman zai samu zama kawu.

Aka kira Garba daga bayan gida inda yake yanka nama. Ya tsaya a bayan labule, gajere ne mai sanyin murya. Da ya ji ma'aikaciyar hukuma ce a ɗakinsa sai muryarsa ta fara rawa. Abla Su'ad ta gane, ta ce mini, "Faɗa masa ba a aiko ni duba iƙamar kowa ba. An aiko ni nema wa yarinya gida." Na faɗa masa. Sannan ya yi magana.

"Hajiya, tunda na shigo wannan dangi ba a taɓa tambayata komai ba, yau ga shi an zo. Na yarda, don yarinya ba ta yi wa kowa laifi ba. Amma ki faɗa mata, mu a wurinmu nono ba allura ba ne da za a yi wa yaro a kama hanya. In ta sha ta zama 'yata, ta zama 'yar'uwar su Sani. Dole ta san gidan nan, su ma su san ta. Ba na so nan da shekara ashirin in yi karo da 'yata a kasuwar Balad mu wuce juna, ko wani cikin yarana ya gan ta ya ce yana so bai san ƙanwarsa ce ba. Duk Juma'a a kawo ta. Kuma wanda ke riƙonta ya kawo ta da kansa har cikin gida, ba bakin lungu ba."

Na juya wa Abla Su'ad da Larabci, ta gyaɗa kai ta ce magana ce ta hankali. Zainab ta yafa mayafi ta fita kai wa mijinta saƙo. Ba ta jima ba ta dawo ta ce bai ce komai ba, yana dai kallon sitiyari.

Garba ya ce, "In bai ce a'a ba, a fara. Kwanakinta ba za su tsaya jiran mu manya ba."

Nan muka zaci an gama. Ina, ashe aikin ma yanzu ya soma. Hanan ba ta san nono ba. Tun da aka tsince ta kwalba ta sani, daga baya cokali, kuma daga hannuna kaɗai. Maryam na ɗaukarta ta ƙame, ta tsala ihu, ta miƙo mini hannu biyu. Muka yi rarrashi, muka yi waƙa, muka shafa zuma, ba abin da ya yi. Washegari muka koma, haka. Rana ta uku Abla Su'ad ta ce malamai sun yarda a tatsa a ba ta a kofi. Aka tatsa, Hanan ta sansana, ta datse baki, da na matsa mata ta buge kofin ya zube a tabarma. Ga lokaci yana tafiya, ga Zainab ta fara ramewa a tsaye, ga Usman kullum yana kawo mu yana zama a mota kamar direban haya.

A zuwa na huɗu ko na biyar ne Maryam ta dube ni ta ce, "Dada Binta, don Allah kada ki ji haushi. Ke ce matsalar. Muddin tana ganinki ba za ta kalli kowa ba."

Kai, maganar ta soke ni. Yarinyar da na karɓa tana cika tafin hannu biyu, na yi jinyar ƙyandarta, na san kukan yunwarta daban da na barcinta, yau wata da ta san ta kwana huɗu za ta ce ni ce matsala? Na buɗe baki zan mayar mata, sai Abla Su'ad ta riga ni.

"Gaskiya ta faɗa, ya Binta. Doka ta ce kada a bar yaro ba ma'aikaciya, to ga ni, zan zauna a kusurwa. Yalla, fita."

Na kwance zanin goyo na ajiye, na ɓamɓare yatsun Hanan daga rigata ɗaya bayan ɗaya, na fita ban waiwaya ba. Kukan da ta fasa ya biyo ni har bakin lungu. Na samu wani dakali kusa da motar Usman na zauna. Ban taɓa jin na ci amanar wani kamar ranar ba, alhali ban yi laifin komai ba.

Usman ya sauke gilashi ya ce, "Ita ce ke kuka haka?"

Na ce, "Ita ce."

Ya fito ya jingina da motar, ya ciro carbi ya mayar, ya sake cirowa. Can ya ce, "Dada, kada ki ɗauka don talauci na ƙi Garba. Kakana da ƙafa ya zo ƙasar nan. Ya yi dako, ya kwana a titi, babana ya sha wulaƙanci a ofisoshi kafin mu samu abin da muka samu. Sai na ga ƙanwata ta ɗauki 'ya'yanta tun ba a haife su ba ta mayar da su inda muka fito. Wannan ne ya ƙona mini rai."

Na ce, "Malam Usman, ban ce takarda banza ce ba. Ni da kake gani a lungun can aka haife ni, kuma har yau da kafili nake zaune, sai ɗan ƙasa ya tsaya mini, na san zafin abin fiye da kai. Amma wadda kake jin kukanta tana da takardar da ta fi tawa ƙarfi, ga shi ba ta da wanda za ta kira goggo. 'Ya'yan Maryam ba su da ko ƙyallen takarda, amma jiya da 'yar macen ta faɗi ka san mutum nawa suka ruga? Kowanne cikinsu akwai abin da ya rasa. Kai kuma Allah ya sa ka tsaya a inda za ka iya taimakon duka biyun, ka zo ka kulle kanka a mota."

Na faɗa da zafi, don raina a ɓace yake, ba don wata hikima ba. Muka zauna muna jin kukan yana hawa yana sauka, muryarta har ta dushe. Masu wucewa suna yi mana sallama suna kallonmu. Sai kawai kukan ya ɗauke ɗif.

Ni na san shirun yaro iri-iri ne, shi bai sani ba. Na ga fuskarsa ta canza. Ya ce, "Me ya same ta? Dada, me ya sa ta yi shiru?" Kafin in ba shi amsa ya bar motar a buɗe ya nufi cikin lungu da sauri, farar rigarsa tana jan ruwan kwata. Na bi shi a baya. A ƙofar gida ya yi kiciɓis da Garba zaune a kan benci yana tsira nama a tsinke, hannunsa duk ƙuli. Suka kalli juna.

Garba ya ce a hankali, "Sannu da zuwa, Yaya. Ɗan dakata, tana sha."

Usman ya tsaya cak yana haki. Garba ya matsa gefe ya bar masa rabin bencin. Ya daɗe a tsaye, sannan ya tattara rigarsa ya zauna. Ni kuwa na laɓe a bayan ƙofa inda ba za ta hango ni ba.

Daga baya Abla Su'ad ta ba ni labarin abin da ya faru a ciki. Ta ce Maryam ba ta rarrashe ta ba ko kaɗan. Ta zauna a tabarma ta sa Sani a nono, manyan yaran suka kewaye ta suna cin gurasa suna surutu, aka bar Hanan a bakin ƙofa tana kukanta. Da ta gaji ta ga ba mai kula ta, sai ta fara kallonsu. Ta matso, ta ƙara matsowa, ta dafa gwiwar Maryam, ta leƙa ta ga abin da Sani yake yi. Sai ta sa hannu ta ture masa kai. Maryam ta ce, "A'a, wannan nasa ne, ga naki," ta ɗora ta a ɗaya cinyar. Ta sha har barci ya ɗauke ta a wurin.

Sauran huɗun ba su ba da wahala ba. Nakan kawo ta ƙofa in miƙa wa Zainab in koma dakalina. Abla Su'ad da mushrifarmu suka shaida, aka kai maganar gaban alƙali aka tabbatar, mudira ta sa hannu. Hanan ta tare a Aziziyya saura 'yan makonni ta cika shekara biyu.

Kada ku ɗauka daga nan Usman da Garba sun zama aminai. Ba su zama ba. Usman da bakinsa ya gaya mini har yanzu yana ganin auren kuskure ne. Amma duk Juma'a bayan masallaci yana shiga lungun nan da yarinya a kafaɗa, ya zauna ya ci abin da aka dafa. Kuma na ji ya fara zirga-zirgar ofisoshi a kan takardun 'ya'yan Maryam, abin da ya ci shekaru, ban ma san ko an gama da na dukansu ba.

Ƙa'ida ce bayan wasu watanni a kai ziyarar bibiya a ga yadda yaro yake. Abla Su'ad ta ce in raka ta, Zainab kuma ta ce mu zo ran Juma'a Nuzla, don can za mu same su gaba ɗaya. Na sayi alewa da 'yar riga mai ruwan hoda, tun safe nake ta murna kamar mai zuwa biki. Muka tarar da tsakar gida cike. Maza a gefe guda kan tabarma, mata a ɗaki, yara na ta guje-guje. Ga Hanan a tsakiyarsu ta yi kumatu, an yi mata kitso, ƙafafunta futu-futu da ƙasa, tana jan Sani da riga tana yi masa faɗa da wata Hausa da ba a bakina ta koya ba.

Na tsuguna na buɗe hannu na ce, "Hanuna, zo ga Dada."

Ta tsaya ta zuba mini idanun nan nata. Sai ta juya a guje ta ɓuya a bayan Zainab, ta riƙe mata zani, tana leƙena da ido ɗaya. Garba daga kan tabarma ya ce, "Haba Hanan, ba kyau. Zo ki gaida baƙuwa."

Ba da wata manufa ya faɗa ba, bawan Allah, tarbiyya yake yi wa 'yarsa. Zainab ta jawo ta, Hanan ta miƙo mini hannu ta karɓi alewar, ta ruga ta kai wa Sani. Na zauna na ci abinci, na yi hira, na yi godiya, ban bari kowa ya ga komai ba. Muna shiga tasi na fashe da kuka, tun daga Nuzla har muka kusa gida. Abla Su'ad ta bar ni sai da na yi mai isata, sannan ta dafa gwiwata ta ce, "Mabruk, ya Binta." Da ba shugabata ba ce, da ranar ta ji baƙar magana. Sai da na kwana biyu kafin na yarda barkar ce ta dace.

To ga abin da na ɗauka daga wannan, ku kuma ku yi yadda kuka ga dama da shi. Da can in an ce iyali, miji da mata nake gani, da gida mai tsabta da albashi, abubuwan da ake zuwa dubawa. Hanan ta nuna mini mutum biyu ba su isa su ba yaro wuri a cikin mutane ba, komai son da suke yi masa. Sai da aka nemo goggo, aka nemi yardar surukin da ake rainawa, aka samu yaran da za ta yi faɗa da su a kan alewa. Saboda haka duk wadda a cikinku aka tura raka jami'ar walwala, kada ta tsaya ƙirga ɗakuna. Ta tambaya, in matar gidan ta kwanta ciwo wa zai shigo? Ran sallah gidan wa za a kai yaron? Wa ake gaba da shi, kuma me ya sa?

Na biyun ya fi ɗaci. Mu ba dangin yaran nan ba ne. Mu masu riƙe musu wuri ne kafin nasu su zo, ko da kuwa nasun ba su ma san su ne ba tukuna. Ku so su da gaske, don yaro yana gane son ƙarya. Amma in lokaci ya yi aka ce ki fita daga ɗaki, ki fita, kuma in kin je ziyara aka kira ki baƙuwa, ki amsa gaisuwar ki ci abincinki. Kukan ki bari sai kin shiga mota, kamar yadda na yi.

Kun ji wancan da ya farka a ɗaki na biyu? Wata ta tashi ta ɗauke shi. Shi har yanzu mu kaɗai gare shi.